Ƙulle-ƙullen Inna Barira

A shekarar da Sin ta karɓi baƙuncin gasar Olamfik, duk baƙar fatar da ke Guangzhou ya koyi tafiya yana waiwaye. Gasar can Beijing za a yi ta, nisan duniya, amma sharar gidan da aka yi domin tarbar baƙi har nan ta iso. Aka daina sabunta biza sai ga mai tsananin rabo. 'Yan sanda suka cika Xiaobei, unguwar da 'yan kasuwar Afirka ke hada-hadarsu, suna tare mutane a gindin gada da ƙofofin benaye. Ba sa dogon bayani, kalma ɗaya ce a bakinsu, huzhao, wato fasfo.

Bizar Saifullahi ta mutu tun farkon bazara. Shekararsa shida a garin yana haɗa wa 'yan kasuwar Kano kaya a kwantena, Sinanci ya zauna a bakinsa har in ta waya yake magana ba a gane baƙo ne. Amma iya yare ba ya zama takarda. Wanda aka kama da matacciyar biza an san makomarsa: a tsare shi, a ɗora shi a jirgi, a rufe masa ƙofar ƙasar na shekaru. Da shi kaɗai ne da sauƙi. Sai dai ya auri Ruƙayyatu, 'yar wani Musulmin Sin mai shagon taliya, auren da aka ɗaura a gaban liman ba tare da hukuma ta san da shi ba, ga shi kuma cikinta ya tsufa, haihuwa yau ko gobe. Don haka ya kafa wa kansa doka, daga ɗaki sai sito, shi ma ta lungu, har a gama guje-gujen nan kowa ya huta. Abin da yake roƙon Allah bai wuce ya yi wa ɗansa huɗuba da bakinsa ba.

Ana cikin haka Mas'uda, 'yar unguwarsu ta Ƙoƙi, ta sauka sarin kayan yara, kuma don neman magana ta taho da mahaifiyarta. Ya lallaɓa ya je gaishe su a otal ɗinsu da ke Liuhua.

“Saifu, ka rufa min asiri,” in ji Mas'uda tun kafin ya zauna. “Gobe tun safe ina kasuwar Shisanhang, sai yamma liƙis. Tsohuwar nan kuwa tun a jirgi take min waƙar kabarin Sahabi. Ka zagaya da ita yini ɗaya, ta ga gari, ta yi ziyararta, ni ma in sha iska.”

Ya riga ya shirya uzurinsa, har ya buɗe baki. Sai ga Inna Barira ta fito daga bayan gida da danshin alwala a fuska, 'yar ƙaramar tsohuwa mai kaifin ido, ta tsaya tana ƙare masa kallo.

“Saifullahin Lami ne ya koma haka? Ashe taliyar Chana ba ta kama jiki.”

Uzurin ya maƙale. Shekara biyu da suka wuce, da mahaifiyarsa Lami ta kwanta ciwon ajali, yana nan yana cika kwantena, kafin labari ya iske shi har an kai ta. Inna Barira, da katanga ɗaya ta raba gidajensu, ita ta yi jinyarta, ita ta rufe mata ido, ita ta wanke ta ta sa mata likkafani. Hannuwan nan da take gogewa da bakin mayafi su ne na ƙarshe da suka taɓa uwarsa. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ji bakinsa yana cewa zai zo da safe.

Ruƙayyatu ba ta hana shi ba. Ta dai tsaya a bakin ƙofa da hannu a ƙugu, ta miƙa masa lema, ta ce ya dawo kafin magariba.

A cikin tasi ya ga ya kamata ya ja wa tsohuwa kunne. Fasfonta yana cikin wata 'yar jakar wuya da Mas'uda ta rataya mata a ƙarƙashin hijabi.

“Inna, abu ɗaya nake roƙo. In kika ga 'yan sanda, kika ga na yi gefe, kada ki kira sunana, kada ki ko dubi inda nake. Ki miƙa musu fasfonki kawai, lafiyarsa ƙalau, za su duba su ba ki.”

“Naka fa?”

“Yana wajen gyara.”

“Fasfo ya zama agogo ke nan.” Ta dube shi ta gefen ido, sannan ta ce, “To. Na ji.”

Ta ci gaba da abin da take yi, wato yayyaga wata farar leda da ta ɗauko daga otal tana ninke gutsattsarin. Da ya tambaye ta, ta ce leda ba a yar da ita. Bai yi mamaki ba. Tun yana yaro sana'arta ke nan, kuka da kanwa da daddawa, ƙulli-ƙulli a faranti a zauren gidansu, yatsunta na ƙullawa bakinta na hira.

Ya fara kai ta babban lambun Yuexiu, domin yana da bishiyoyi da hanyoyi da yawa, ko ta kwana. Zafin garin irin mai danƙo ne, kafin su hau tudu rigarsa ta manne a bayansa. A ƙolin tudun akwai abin da duk baƙo yake zuwa gani, awaki biyar da aka sassaƙa da dutse, babban ya ɗaga kai da zangarniyar shinkafa a baki. Ya ba ta labarin yadda mutanen garin suke cewa awakin ne suka kawo musu iri a wata shekarar yunwa. Inna Barira ta yi a'uziyya, ta zagaya gunkin sau ɗaya da hannu a baya kamar mai taya dabba a kara.

“Gari guda an rasa wanda za a girmama sai bunsuru,” ta ce. “Amma uwar can tana da nono, ba laifi. Ɗauke ni hoto, in ba haka ba wa zai yarda.”

Nan ya gane irin yinin da ya ɗauko wa kansa. Tsohuwa cikin shuɗin hijabi har ƙasa ba abin da ake wucewa ba ne. Wasu 'yammata suka nemi hoto da ita, ta yarda. Wata kaka ta zo da jikanta, ta yarda, har da ɗaukar yaron. Ta koyi gaisuwarsu ta ni hao a wajen, ta shiga rabawa kowa kamar goro. Taro ya fara haɗuwa, shi kuwa taro ne abin da ya fi tsana a duniya a wannan watan. Wani mai kaki ya nufo su, Saifullahi ya zame bayan wata bishiya yana kallon takalminsa. Ashe mai gadin lambu ne, shi ma hoton yake so. Da suka sauko sai Inna ta daina tsayawa gaisawa da mutane.

Maƙabartar ba nisa, titi kawai suka tsallaka. Da shigarsu hayaniyar motoci ta yanke, sai inuwa da tsofaffin kaburbura masu rubutun Larabci da Sinanci, da wani ƙamshi na ganye mai ruɓewa. A tsakiya ga ƙubbar da ake cewa Sahabi Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ne kwance a cikinta, wai ta teku ya iso da Musulunci tun garin yana tashar jiragen Larabawa. Saifullahi ya sha jin malamai suna cewa a Madina aka binne shi, ya kuwa gaya mata.

“To wane ne a ciki?”

“Allahu a'alamu, Inna.”

“Ko wane ne, Musulmi ne da ya mutu nesa da gida. Bai cancanci sallama ba?”

Ta cire takalmi ta shiga. Yana jin muryarta daga waje, ƙubbar na maido da ita ninki biyu, tana jero sunayen matattunta ɗaya bayan ɗaya. Da ya ji ta ambaci Lami ya bar wajen, ya koma kusa da ƙofa inda zai riƙa hango titi.

Ya jira har ya gaji. Da ya dawo nemanta ba ta cikin ƙubbar. A bayanta ya same ta, tsugune a gindin bango, da cokalin shayin da ta taho da shi daga jirgi, tana kankaro garin farar ƙasar da ya zubo ya gauraya da ƙura a wata tsaga. Ta tara shi a kan hankici, fari-fari, laushi kamar garin tuwo.

“Inna, me kike yi haka? In mai gadi ya gan mu korar kare zai yi mana.”

“Amana ce. Rabin matan Ƙoƙi sun rako ni har bakin mota, kowacce da lalurarta. In koma in ce musu me? Na ga bunsuru?”

“Ƙasa ce fa kawai. Ba ta maganin komai. Don Allah ki zubar.”

“To,” in ji ta.

Duk wanda ya tashi a hannun tsofaffin cikin birni ya san irin wannan to ɗin. Shi ma ya sani. Amma hankalinsa yana kan titi, ga azahar ta yi, sai ya bar maganar. Ta shige ɓangaren mata ta yi salla, ta daɗe fiye da yadda raka'a huɗu ke buƙata, ta fito hannunta wayam tana murmushi.

Daga nan ya so ya maida ita otal. Ta ce Mas'uda ta ce akwai hasumiya, akwai kuma kogi. Ya kai ta tsohon masallacin da ke tsakiyar gari, ta ɗaga kai tana kallon doguwar hasumiyar nan mai santsi, ba ado ba zane. Ya gaya mata ana cewa a da ruwa har gindinta yake zuwa, ana kunna fitila a samanta don jiragen fatake su gane hanya. Ta ce to ina ruwan ya tafi. Ya ce gari ne ya ture shi. Ta ce lallai sai ta ga ruwan da aka ture.

Bakin kogin shi ne wurin da ya fi tsoro, domin fili ne fetal, ba lungu ba kwana. La'asar ta yi sanyi lokacin da suka isa. Ga dogayen gine-ginen Turawan da, ga jiragen yawon buɗe ido an yi musu ado da tutocin gasar, ga kwale-kwalen yashi suna wucewa a hankali. Inna Barira ta zauna a wani benci na dutse tana kallon kogin. Ita da ba ta taɓa ganin ruwan da ya wuce na dam ɗin Tiga ba, yau ga jirgi mai hawa uku yana tafiya a kansa.

“Ashe ta nan kayan Mas'uda suke bi,” ta ce a hankali. “Zan shiga, Saifullahi. Ko na tsallaka in dawo ne.”

Ya duba dama, ya duba hagu, bai ga kaki ba. Ya ce ta zauna kada ta motsa, ya tsallaka titi ya sayo tikiti da ruwan sha. Layin bai da tsawo. Ya karɓi canji, ya juyo da gora biyu a hannu, sai ƙafarsa ta tsaya da kanta.

'Yan sanda biyu ne tsaye a kanta, wani matashi dogo da wani mai furfura a gefen kai. Saifullahi ya ja da baya ya laɓe a jikin rumfar mai jarida. Ya gaya wa kansa ba komai, Allah ne ya tsallakar da shi a kan lokaci, fasfonta lafiya lau, yanzu za su wuce. Yana kallo ta ce musu ni hao, ta cusa hannu a ƙarƙashin hijabi ta jawo jakar wuyan. Jakar ta kumbura fiye da yadda take da safe. Zip ɗin ya cije, ta ja da ƙarfi, sai ga ƙulle-ƙullen farar leda sun zubo a cinyarta, sun gangara ƙasa, ɗaya ya mirgina ya tsaya a jikin takalmin matashin.

Sun fi ashirin, kowanne kamar kan babban yatsa, an ƙulle shi tamau an datse bakin, ƙullin gwanar da ta shekara arba'in tana yi. A Ƙoƙi ko yaron goye ya gani ya san kanwa ce ko kuka. A Guangzhou, a wannan shekarar, farin gari a ƙullin leda a jikin baƙar fata ma'anarsa ɗaya ce, kuma ba ƙaramin hukunci ke kanta ba. Saifullahi ya san mutum biyu a Xiaobei da aka tafi da su a kan irin wannan ƙullin, har yau ba wanda ya sake jin ɗuriyarsu.

Matashin ya ɗauka ya ɗaga shi a rana, fuskarsa ta canza. Ya yi magana a rediyon kafaɗarsa. Inna ta sunkuya za ta tattara kayanta, ya daka mata tsawa ya taka mata gaba. Ta ɗago tana yi musu bayani da Hausa, da hannu, tana nuna sama tana nuna ƙasa. Da ta ga ba su gane ba, sai ta yi abin da kowace mai sayar da kanwa za ta yi in aka yi shakkar kayanta: ta ɓalle ƙulli ɗaya ta kai baki don su ga ba cuta. Matashin ya cafke hannunta ya murɗe shi baya, garin ya watse a hijabinta. Mutane suka fara taruwa.

Saifullahi ya kira Mas'uda. Wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, a hayaniyar Shisanhang ko ganga aka buga ba a ji. Ya sake kira, haka. Zuciyarsa ta shiga kawo masa shawarwari masu kama da hankali. Ai za su kai garin a gwada, su ga ƙasa ce, su sake ta. Kwana nawa zai ɗauka? Ko uku ne, ko mako. Mas'uda za ta nemo mai fassara mai takarda. Shi in ya tsallaka titin nan, ya san abin da za a tambaye shi da zarar an gama da ita, kuma ya san ba shi da shi. Ruƙayyatu na can da hannu a ƙugu tana duban agogo. Yaron da zai zo bai yi laifin komai ba da za a haife shi uba yana wata duniya. Wata tasi ta tsaya dab da shi ta sauke fasinja, direban ya leƙo yana tambayarsa da ido. Har ya ɗora hannu a murfin ƙofar.

Ya waiga sau ɗaya, don ya tabbatar ba ta nuna shi ba. Motar 'yan sanda ta iso, wata 'yar sanda ta fito da ankwa a hannu. Inna Barira tana zaune a bencin, hannu ɗaya a riƙe, hijabinta ya karkace har furfurarta ta fito. Ta san sarai inda ya tafi, a gabanta ya tsallaka. Amma ta juya fuskarta ga kogi, ta kafe wuyanta, ko da wasa ba ta bari idonta ya zo ɓangaren titi ba. Tsoro ya kama ta ƙwarai, ana gani daga nan. Ta dai riƙe abin da ya roƙe ta da safe.

Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun ranar da aka gaya masa an binne uwarsa ba ya nan. Ya saki ƙofar tasin.

Bai san yadda ya tsallaka ba. Ya dai ji muryarsa tana fita da Sinanci, a nutse, da ladabin da ake yi wa hukuma, yana cewa tsohuwar nan tare suke, ba ta jin yare, shi zai fassara. Duka suka juyo. Inna ma ta juyo, idonta ya kaɗa.

“Ban san shi ba,” ta ce da ƙarfi, tana duban mai furfurar. Sannan ta dubi Saifullahi ta rage murya. “Ka gaya musu ban san ka ba. Wuce abinka, ɗan nan. Wa ya kira ka?”

“Me ta ce?” in ji mai furfurar.

“Ta ce ni ɗanta ne,” in ji Saifullahi.

Ya yi musu bayani tiryan-tiryan. Ya faɗi sunan maƙabartar da titin da take, ya ce ƙasar gindin bango ce, tsofaffin garinsu suna ɗauka don neman albarka, su jiƙa a ruwa su shafa wa mara lafiya. Ya ce in sun je bayan ƙubbar za su ga inda ta kankara, cokalin ma yana cikin jakarta. Matashin ya yi dariyar rainin hankali, ya ce kowa da labarinsa. Mai furfurar bai yi dariya ba. Ya tsuguna, ya dangwali garin da ya zube ya murza a yatsa, ya shinshina. Ya miƙo hannu, Saifullahi ya ba shi gorar ruwa. Ya tsiyaya a kai. Garin ya jiƙe ya zama taɓo, da 'yan tsakuwoyi da wani guntun busasshen ganye a ciki.

“Duka,” in ji shi.

Aka jera su a kan benci, 'yar sandan ta sa safar hannu tana ɓallewa ɗaya bayan ɗaya, ana zuba ruwa, ana duba. Inna Barira tana kallo, kowanne aka fasa sai ta ambaci mai shi ƙasa-ƙasa.

“Na Saude ne wannan, mai ciwon ƙafa. Wannan na Fasuma, jikanta ne ba ya magana. Wannan na matar Ma'azu.”

Har aka gama, bencin ya koma kamar inda yara suka yi wasan ƙasa. Aka saki hannunta. Mai furfurar ya duba fasfonta, ya miƙa mata da hannu biyu, ya ce wa Saifullahi ya gaya mata kada ta sake, ba a wannan lokacin ba. Sannan ya ƙara da cewa, kamar mai magana da kansa, kakarsa ma haka take ɗebo tokar turare daga wurin bautarsu ta ƙulle a takarda. Taron ya fara watsewa. Saifullahi ya yi godiya, ya kama gwiwar hannun Inna ya ɗaga ta. Suka yi taku biyu, uku. Ya fara jin iskar kogin a fuskarsa.

“Sinancinka ya yi kyau,” in ji matashin daga bayansa. “Ka daɗe a nan?”

“Na ɗan jima.”

“Huzhao.”

Saifullahi ya dubi mai furfurar. Mutumin ya kawar da kai yana goge yatsunsa da hankici. Ga mota, ga rediyo an riga an yi magana, ga idon jama'a, ba abin da zai iya ko da ya so. Saifullahi ya yi tunanin ya ce yana gida, amma gida za su bi shi, su hau bene su buga wa mai tsohon ciki ƙofa. Ya ciro fasfon daga aljihun ciki ya miƙa. Matashin ya buɗe shafin, ya duba kwanan wata, ya rufe, bai mayar masa ba.

Alfarma ɗaya ya nema, aka yi masa. Ya tsayar da tasi, ya ba direban katin otal ɗin, ya biya shi. Ya sa wayarsa a tafin Inna ya nuna mata inda za ta danna in Mas'uda ta kira. Ya so ya ba ta saƙo zuwa ga Ruƙayyatu, ya rasa da wane yare za ta isar, ya rasa ma me zai ce. Tikitin jirgin ruwan guda biyu suna hannunsa har yanzu, sun jiƙe da gumi.

Inna Barira ba ta shiga motar ba. Ta gyara hijabinta, ta tsaya a gabansa, kanta bai kai kafaɗarsa ba. Ba ta yi kuka ba, ta bar kukan sai ta shiga mota. Ta yi magana da fuskar mai sallama, ba ta ko motsa hannu ba.

“Kada ka dubi ƙasa. Akwai ɗaya a haɓar zanena, ba su gani ba. Shi ne babban, shi na fara ƙullawa. Na matarka ne, na naƙuda.”

Ya tsayar da idonsa a fuskarta, ta ci gaba.

“Ko Mas'uda ta tafi da kayanta, ni ina nan har ranar da takardata za ta ƙare. Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa, amma haihuwa ba ta buƙatar tafinta. Ni na wanke uwarka, Saifullahi. Ni zan wanke ɗanka.”

Matashin ya taɓa kafaɗarsa, ya tambaye shi me tsohuwar take cewa haka da tsawo.

“Ta ce ta gode,” in ji Saifullahi. “Ta ce garinku yana da kyau.”

Ya jira har tasin ta shige cikin motoci, sannan ya sunkuya ya shiga ta 'yan sandan.